Gyambon Ciki: Kada A Kashe Maciji A Bar Kansa

A watannin baya na raka wani ɗan'uwana, magidanci mai sana'ar dako a kasuwar hatsi, zuwa asibiti da tsakar dare, bayan ya kwana biyu yana bahaya baƙi ƙirin kamar kwalta, daga bisani kuma ya kama aman jini. Likitoci suka ce gyambon ciki ne, wato olsa, ya ci har ya taɓo jijiyar jini. Aka yi masa ƙarin jini, aka ba shi allurar rage asid ɗin ciki, Allah Ya sa jinin ya tsaya. Ranar sallama aka rubuta masa magani na wata biyu. Ya sha na mako guda, ya ji garau, ya jefa takardar a ƙarƙashin katifa, ya koma wurin mai kemis na unguwa yana karɓar haɗin maganin gajiya kamar yadda ya saba. Kafin wata ya zagayo mun sake ɗaukarsa ranga-ranga. Ya rayu, amma ba dabararsa ba ce.

Na kawo wannan labari ne domin na san ba a gidanmu kaɗai yake faruwa ba. Jama'armu da dama sun ɗauka cewa da zarar jini ya tsaya, ciwo ya lafa, shi ke nan an warke. Alhali kuwa tsayawar jini somin-taɓi ce, babban aikin shi ne hana shi dawowa, domin zubar jini ta biyu ta fi ta farko haɗari, musamman ga dattawa da waɗanda jininsu ya riga ya yi ƙasa.

Yana da kyau mai karatu ya fahimci dalili. Ciki yana fitar da ruwan asid mai ƙarfi tare da wani sinadari mai narkar da nama. Idan gyambo ya huda jijiya, gudan jini ne ke daskarewa ya toshe ƙofar. To, wannan ruwa bai san bambancin gudan jini da tsokar da mutum ya ci ba, duk narkar da su yake yi. Jini kuma ba ya daskarewa sosai a cikin tsami. Saboda haka ne likita ke ba da magungunan da ke rufe famfon asid tun daga tushe, irin su omeprazole da esomeprazole da pantoprazole, domin gudan jinin ya samu ya zauna, gyambon ya samu ya haɗe. Farin maganin ruwan nan da ake kurɓa idan ƙirji na zafi, da madarar da ake ɗirka, sanyaya zafi kawai suke yi na ɗan lokaci, ba sa hana jini dawowa.

Wannan ba shaci-faɗi ba ne. A shekarar 2000 likitoci a Hong Kong sun wallafa binciken da suka yi a kan majinyata 240 da aka tsayar wa jini ta hanyar na'urar leƙa ciki. Rabinsu an ba su omeprazole ta jijiya har awa 72, rabi kuma ba a ba su ba. Cikin kwana 30, mutum 8 ne kacal jini ya dawo wa daga cikin 120 da suka samu maganin, yayin da ya dawo wa mutum 27 a ɗaya ɓangaren. Kwana ukun farko su ne mafi haɗari, shi ya sa dangi bai kamata su matsa a sallami majinyaci don ya fara neman tuwo ba. Bayan sallama kuma, likitoci sukan rubuta ƙwayoyin na mako 4 zuwa 8, a sha kamar rabin awa kafin karin kumallo, mai azumi kuma kafin sahur idan likita ya amince masa ya yi azumin.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Maganin rage asid yana ba gyambo damar warkewa, amma ba ya kawar da abin da ya haddasa shi. Manyan dalilan guda biyu ne. Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda likitocin Ostireliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a farkon shekarun 1980, aka kuma ba su lambar yabo ta Nobel a 2005. Bincike ya sha nuna cewa mafi yawan manya a Nijeriya suna ɗauke da ita. Ana kashe ta ne da haɗin magungunan kashe ƙwayoyin cuta tare da na rage asid na kimanin mako biyu, sannan a sake gwaji don tabbatarwa. Wanda aka kawar masa da ita, da wuya jini ya sake ɓalle masa. Na biyu shi ne magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam da asfirin, waɗanda 'yan dako da manoma da direbobi ke sha kamar gyaɗa, sau da yawa iri biyu ko uku a ƙulli ɗaya, ba tare da sanin sunansu ba. Wanda kuma likita ya ɗora a kan asfirin saboda ciwon zuciya, kada ya daina da kansa. Ya koma a haɗa masa da maganin kare ciki.

Haka nan ba na goyon bayan masu mayar da omeprazole abincin yau da kullum shekara da shekaru babu ganin likita, domin yana iya rufe alamun cuta mafi muni, kamar dajin ciki. Ya kamata kuma a tuna cewa ranitidine, wanda aka daɗe ana sha, an janye shi daga kasuwar Amurka a 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a cikinsa.

Kirana na farko ga gwamnatocin jihohi ne. Abin takaici ne a ce mai aman jini daga ƙauye sai ya yi tafiyar sa'o'i zuwa asibitin koyarwa kafin ya samu na'urar leƙa ciki. A samar da ita a manyan asibitocin shiyya tare da ƙwararru, a kuma tanadi allurar rage asid da gwajin ƙwayar cutar a farashin da talaka zai iya. Hukumar NAFDAC da majalisar masu harhaɗa magunguna su sa ido a kan masu ƙulla haɗi a leda da masu tallar magani a tashoshin mota da kasuwannin ƙauye. Likitoci da ma'aikatan jinya su daure su ɓata minti biyar su yi wa majinyaci bayani da Hausa kafin sallama, maimakon miƙa masa takarda kawai.

Mu kuma dangi, nauyin da ke kanmu bai ƙare a ƙofar asibiti ba. Da mun tambayi ɗan'uwanmu ina sauran maganinsa, da kuɗin leda biyu na jini da muka biya a karo na biyu sun saya masa maganin wata biyun har da canji. Duk wanda ya ga baƙin bahaya, ko aman jini, ko jiri bayan ciwon ciki, ya garzaya asibiti, kada ya jira gari ya waye. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.