Zanen Injin da Makanike Zai Iya Karantawa

A yau da wuya a ƙera injin ban-ruwa ko na niƙa ba tare da an fara gina siffarsa a cikin kwamfuta ba, siffa mai tsawo da faɗi da kauri, wadda injiniya ke juyawa ta kowane ɓangare. Sai dai makaniken da zai kwance injin bayan shekara biyar ba ya ganin wannan siffa. Shafin littafin gyara kawai ke hannunsa. Tsakanin siffar da shafin akwai aiki guda da ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi, wato mayar da siffar zane shimfiɗaɗɗe. Da yawa sukan ɗauki hoton allon kwamfuta su manna a littafi. Wannan kuskure ne. Zanen bekta ya kamata a fitar, kuma a gyara shi da hannu kafin a buga.

Hoton allo tarin ɗigo ne masu ƙayyadadden adadi. Allo mai ɗigo 1920 a faɗinsa, idan aka buga shi da ingancin ɗigo 300 a kowane inci, faɗinsa ba zai wuce santimita 16 da ƴan kai ba. In an ƙara girmansa sai layuka su dusashe, lambar wosha ta rikiɗe ta zama tabo. Shi kuwa zanen bekta bayanin lissafi ne: ana adana da'ira a matsayin tsakiyarta da faɗinta, layi kuma a matsayin mafarinsa da ƙarshensa. Lanƙwasassun layuka suna bin lissafin da Paul de Casteljau na kamfanin Citroën da Pierre Bézier na kamfanin Renault suka samar a Faransa wajen 1960 domin zana jikin mota. Tsarin SVG, wanda ƙungiyar W3C ta tabbatar a 2001, yana amfani da wannan lissafi. Saboda haka zane ɗaya zai dace da allon waya, ya kuma dace da bangon ɗakin koyarwa. Haka nan rubutun da ke cikinsa yana nan a matsayin rubutu, ana iya sauya sunayen sassa daga Faransanci zuwa Hausa ba tare da an taɓa layi ko ɗaya ba.

Dabarar shimfiɗa siffa a kan takarda ta girmi kwamfuta. Gaspard Monge ya tsara ƙa'idojinta a Faransa a ƙarshen ƙarni na 18, sannan a 1822 William Farish na Jami'ar Kambirij ya bayyana zanen da ke nuna fuskoki uku a lokaci guda, inda layukan tsawo da faɗi da kauri ke haɗuwa a kusurwa mai digiri 120. Abin da ya ba masana kwamfuta wahala shi ne tantance layin da ido zai gani da wanda wani sashe ya kare. Lawrence Roberts a 1963 da Arthur Appel a 1967 suna cikin waɗanda suka fara warware matsalar. Yanzu manhaja ta kyauta irin FreeCAD tana yin wannan lissafi, ta fitar da fayil ɗin SVG.

To, a nan gizo ke saƙa. Fitowar fayil ba ta nufin zane ya inganta. Da farko akwai batun tushe. Fayil ɗin STL yana adana siffa ne a matsayin ƙananan alwatika masu ɗimbin yawa, don haka ramin da yake da'ira zai fito da kusurwoyi da zarar an ƙara girmansa. Fayil ɗin STEP kuwa yana riƙe da ainihin lissafin da'irar, kuma daga gare shi ya kamata a fara. Na biyu shi ne awo. Manhajar Inkscape ta daɗe tana lissafa ɗigo 90 a inci, sai a 2017 ta koma 96. Tsohon fayil da aka karanta da sabon ma'auni zai mayar da milimita 100 ta zama 93.75. Ga mai kallo wannan ba komai ba ne, amma ga wanda zai yanka ƙarfe da na'ura bisa zanen, asarar faranti ce.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne zaɓi. Kwamfuta tana zana duk gefen da ta samu da kauri iri ɗaya, har kowane zagaye na zaren noti da kowane ƙwallo na cikin boris. Sakamakon shi ne cunkoson layuka da ido ba ya iya rarrabewa. Ƙa'idojin zanen injiniya sun tanadi magani tun tuni: layi mai kauri ga gefen da ake gani, siriri mai tsinke-tsinke ga wanda ke ɓoye, zaren noti kuma a taƙaita shi da layi siriri. Amma wane sashe za a fito da shi fili, wane za a share? Wanda ya san abin da makanike ke nema ne kaɗai zai yanke wannan hukunci.

Masu son hoto mai launi da inuwa suna da hujjarsu, domin ya fi nuna kyawun kaya, kuma a talla babu abin da ya kai shi. Littafin gyara kuwa buƙatarsa daban ce: ana kwafarsa da injin kwafi baƙi da fari, ana karanta shi da hannu mai baƙin mai, kuma a irin wannan hali inuwa takan haɗiye sassa, layi kuwa ya tsira.

Saboda haka, kafin a tura zane maɗaba'a, a buga shi a takarda, a auna tsawon sashe guda da rula, sannan a miƙa shi ga makaniken da bai taɓa ganin siffar a kwamfuta ba. Idan ya nuna notin da za a fara kwancewa ba tare da tambaya ba, zanen ya cika.