WA KE JINYAR TSOFAFFIN GWANDU DA KALGO?

Duk lokacin da aka kawo zancen gidajen da Turawa ke jibge iyayensu in sun tsufa, abin da ake ji daga bakin jama'a bai wuce "Allah ya kiyaye, mu ba ma haka" ba. To, madalla. Amma duk wanda ya tsaya a ƙofar masallacin Juma'a a Gwandu ko Kalgo bayan an sallame, ya ga jerin tsofaffi maza da mata, wasu da sanda, wasu jikoki na yi musu jagora, suna miƙa hannu, ya san akwai sauran magana. Waɗannan bayin Allah ba daga sama suka faɗo ba. Su ne suka ƙarar da ƙarfinsu a noman gero da shinkafar fadama, suka biya haraji da jangali, suka yi ɗawainiyar waɗanda a yau ke wuce su a kan babur ko sallama babu.

Babu shakka abin da ke faruwa a ƙasashen Yamma abin tsoro ne. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka mutu a zagayen farko a ƙasar Kanada mazauna gidajen tsofaffi ne. Sojojin da aka tura su kai ɗauki a wasu gidaje biyar na lardin Ontariyo sun ba da rahoton ganin kyankyasai da ruɓaɓɓen abinci, da tsofaffin da aka bari cikin ƙazantarsu. A Faransa kuwa, a 2022 ɗan jarida Victor Castanet ya tona asirin kamfanin Orpea, mai ɗaruruwan irin waɗannan gidaje, cewa ana tsuke wa tsofaffi abinci da kayan tsafta don riba ta ƙaru, alhali iyalansu na biyan maƙudan kuɗi. Haka tsarin jari-hujja yake. Mutum na da daraja muddin ana tatsar sa, in ya gaza sai a mai da gazawar tasa ita ma haja.

Sai dai laifi tudu ne, mutum kan taka nasa ya hango na wani. A nan ba a kai tsoho gidan tsofaffi, amma sau nawa ake mai da ɗakinsa na cikin gida kurkuku? Dattijo zai kamu da hawan jini shekara da shekaru ba a taɓa auna shi ba, sai ranar da ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. A kai shi asibiti a Gwandu, ko Kalgo, ko Birnin Kebbi, a yi 'yan kwanaki, kuɗi su ƙare, a dawo da shi gida a shimfiɗe a tabarma. 'Ya'yansa maza suna Legas ko Abuja wajen neman kuɗi, jinyar ta koma kan tsohuwar matarsa da ita ma ke bukatar mai jinya, ko kan surukar da kunya ba za ta bari ta yi masa tsarki ba. Ba a juya shi, sai gyambo ya fito masa a ƙugu da duga-dugai. Ba a motsa masa gaɓoɓi, sai su sandare. In ya cika sai a ce kwana ya ƙare. Gaskiya ne ajali ba ya wuce lokacinsa, amma sakaci ma za a yi hisabinsa.

Wanda ya fi wannan muni shi ne halin da tsohuwar da gigin tsufa ya kama ke shiga. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa da likitoci suka sani, mai sa mutum ya manta 'ya'yansa, ya fita ya ɓata, ya yi ta sambatu. Amma jahilci kan sa a ce mayya ce, yara su bi ta da jifa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! A ƙasar da Shehu Usman Ɗan Fodiyo ya zauna, a garin da ƙaninsa Shehu Abdullahi yake kwance?

Su kuwa masu mulki, wajen rubuta doka ba a bar su a baya ba. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya, Gwamnatin Tarayya ba ta cika ba. A 2018 aka sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, sai a 2021 ta fara aiki. A 2022 aka yi sabuwar dokar inshorar lafiya, wadda ta tanadi asusu don masu rauni, har da tsofaffi. Jihar Kebbi ma tana da hukumarta ta KECHEMA. To, a shiga ƙauyukan Gwandu da Kalgo a tambayi dattawa, nawa ne suka san da wannan haƙƙi nasu, balle su riƙe katinsa? Tun daga SAP ɗin Babangida a 1986 zuwa janye tallafin mai a 2023, duk tsarin da aka karɓo daga masu ba da bashi na duniya, a kan talaka yake sauka, kuma a cikin talakawa tsoho ne farkon faɗuwa, don shi ba ya iya acaba, ba ya iya cirani.

A Musulunci, ɗaukar nauyin gajiyayye wajibi ne a kan hukuma. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a cikin Kitabul Kharaj cewa Halifa Umar (RA) ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, sai ya sauke masa jiziya, ya sa aka yanka masa abin ci daga baitulmali, don ba adalci ba ne a ci ƙuruciyar mutum sannan a yasar da shi ya tsufa. Wannan fa wanda ba Musulmi ba ke nan. Irin wannan adalci ne aka yi jihadin 1804 don a tsayar, kuma don shi Shehu Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkam yana nuna wa masu mulki nauyin da ke kansu.

Wani zai ce to a gina gidajen gajiyayyu mana. Ga tsohon da ba shi da kowa, ko wanda jinyarsa ta fi ƙarfin iyali, lallai ana bukatar wurin da zai sami ma'aikacin jinya da mai gasa masa jiki, kuma zakka da waƙafi sun isa su riƙe shi in an tattara su bisa amana. Amma gini da allon suna ba su ne kulawa ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutane sama da 300 daga wani gidan gyaran hali a Rigasa ta Kaduna, da yawa cikin mari, kuma da sunan addini aka buɗe shi. Duk wurin da za a ajiye mai rauni, dole ƙofarsa ta zama a buɗe ga dangi da masu bincike. Ma'aunin kuwa a fili yake: ya ci ya ƙoshi? Jikinsa da shimfiɗarsa da tsafta? Ya sha magani a kan lokaci? An taimaka masa ya yi salla? An kira shi da sunan girmamawa?

Kafin a kai can, aikin na matasa ne. Matashin da ke iya taka sahu a muzahara, ya kwana a wajen wa'azi, bai da uzurin da zai kasa wanke mahaifinsa. A Suratul Isra'i, aya ta 23 da 24, Allah (T) ya haɗa kyautata wa iyaye da kaɗaita Shi, ya kuma ambaci lokacin tsufansu musamman. Ya kamata 'yan'uwa a kowace unguwa su ƙirga tsofaffin da ke kwance, su raba wa juna kwanakin duba su. Su koyi juya majinyaci duk bayan awa biyu, da motsa masa hannu da ƙafa kullum. Su haɗa kuɗi su sayi na'urar awon jini. Su kai masu yanar ido asibiti, don ƙaramin aiki ne ke dawo da gani. Ɗaliban Jami'ar Tarayya da ke Kalgo su taya dattawa binciken rajistar inshora, su bi musu haƙƙinsu har ofis.

Wanda ke kiran a tsayar da adalci a ƙasa alhali mahaifiyarsa na kwance cikin fitsari a ƙuryar ɗaki, to ya koma gida tukuna. Kuma saurayin yau ya sani, yaran da ke kallon yadda yake yi wa nasa tsohon, su ne za su yi jinyarsa gobe.

Allah (T) ya jiƙan iyaye, ya sa a gama da su lafiya.