Kafin Ka Zargi Manhaja, Duba Inda Kebul Yake Lanƙwashewa

Kwana uku na yi ina tonon manhajar da na rubuta wa wani ƙaramin injin zana suna a jikin katako, a shagon abokina. Injin zai fara aiki lafiya lau, da zarar kansa ya isa ƙarshen hagu sai ya tsaya cak. Na goge na sake rubutawa, na zargi kwamfuta, har wutar janareta ban ƙyale ba. A rana ta huɗu wani dattijo mai gyaran injinan ɗab'i ya leƙo, ya ɗan matsa kebul ɗin da ke bin kan injin, nan take aiki ya tsaya. Ya ce, "Yaro, ai karya masa wuya ka yi." Robar waje ƙalau take, amma siraran zaren jan ƙarfen da ke ciki sun tsittsinke.

Kowane kebul yana da iyakar lanƙwasar da zai iya jurewa. Ka ɗauka lanƙwasar wani yanki ne na da'ira. Abin da ake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin tsakiyar da'irar da kebul ɗin. Idan ya tanƙwaru, bayansa yana miƙewa, cikinsa yana matsewa, kuma gwargwadon ƙanƙantar da'irar gwargwadon wahalar da ƙarfen yake sha. Jan ƙarfe kuwa in ana ta lanƙwasa shi tauri yake ƙarawa, har ya tsage. Duk wanda ya taɓa karya wayar ƙarfe da hannu ya san wannan.

Ƙa'idar da masu kera kebul suka saba bayarwa ita ce: wanda za a shimfiɗa a bar shi, tazarar ta kai ninki 4 zuwa 5 na kaurinsa, wanda zai riƙa kai da komo a jikin inji kuwa, ninki 7.5 zuwa 10, wani ma ya fi haka. Nawa kaurinsa milimita 6 ne, ke nan milimita 60 yake buƙata. Ni kuwa wajen 20 na ba shi, don kawai injin ya yi kyan gani.

To ina ruwan mai riƙe da waya da wannan? Son kyan ganin nan shi ne yake cin kuɗinmu. A 2016 Apple ya fitar da MacBook Pro mai siririn kebul da ke naɗe gaɓar murfi. Buɗewa da rufewa suka riƙa cinye shi, hasken allo ya fara yin dabbare-dabbare daga ƙasa, wasu ya ɗauke gaba ɗaya. Da masu gyara na iFixit suka buɗe samfurin 2018, sai suka tarar an ƙara wa kebul ɗin tsawon kusan milimita 2. A 2019 Apple ya buɗe shirin gyara kyauta ga masu ƙirar inci 13 ta 2016. Milimita biyu fa!

Wayoyi masu naɗewa su ma a kan wannan lissafi suke rayuwa. Shi ya sa a 2023 Samsung ya sauya gaɓar Galaxy Z Flip5 yadda allon zai lanƙwashe a ciki kamar ɗigon ruwa, ya samu sarari ko da wayar ta rufe ruf. Kamfanin ya sha cewa an gwada irin waɗannan wayoyi da naɗi 200,000, wato sau 100 a rana na fiye da shekara biyar. Amma inji ne ya yi naɗin a ɗakin gwaji, babu ƙurar hunturu, babu ƙaninka da ke buɗe ta da ƙarfi.

Ra'ayina shi ne masu sharhin waya, har da mu nan, mu rage tafa wa siranta. Duk milimitar da aka aske daga jikin na'ura mai motsi, akwai kebul ɗin da aka ƙuntata wa. Wani zai ce ai kafin ya lalace an canja waya. Wannan maganar mai sayen sabuwa ce. Da yawanmu ta hannu muke saya a Farm Centre, bayan wani ya gama cinye rabin naɗin, kuma babu mai gaya maka sau nawa aka buɗe ta. In za ka sayi mai naɗewa, buɗe ta a hankali kana kallon allo da sauraron sauti. In wani abu ya ƙifta a tsakiyar buɗewar, ajiye musu kayansu.

Cajarka ma haka. Daina naɗe kebul tamau a jikin kan caja, yi masa da'ira kamar faɗin tafin hannu. Kuma in kana kwance kana latsa waya tana caji, kada ka jingina gindinta a ƙirjinka, nan ne wuyan kebul yake karyewa.

Injin abokina dai mun sa masa kebul mai siraran zare da sarƙar roba mai faɗin lanƙwasa. Tun daga nan bai sake tsayawa ba, sai dai ya ƙara tsayi, kuma har yau abokin yana mita wai ya daina shiga ƙarƙashin kanta.