Kazan: Birnin Da Ake Gani Da Ƙafa

Iyayen da 'ya'yansu ke karatu a Rasha kan tambaye ni inda ya dace su kai iyali idan sun je ziyara. Nakan ce Kazan, babban birnin Tatarstan da ke bakin kogin Volga. Musulmi suna da yawa, abincin halal ba ya wuyar samu.

Ku fara da Kremlin, tsohuwar ganuwar da ke kan tudu. A cikinta Masallacin Kul Sharif yake, wanda aka buɗe a 2005. Ya ci sunan limamin da ya rasa ransa a 1552, lokacin da Sarki Ivan na Huɗu ya ci birnin da yaƙi. Taku kaɗan daga nan akwai tsohuwar coci, sai hasumiyar Suyumbike mai tsawon mita 58, wadda ta karkace har ido na gani. Yara kan tsaya nan su ƙi tafiya.

Ni dai na fi son tsohuwar unguwar Tatar, kusa da tafkin Kaban, mai gidajen katako masu launi da Masallacin Marjani da aka kammala a 1770.

Duk wannan yawon ƙafa ne, ga hawan tudu. A sa takalmi mai laushi, a riƙa hutar da dattijo mai ciwon gwiwa. Ku je tsakanin Yuni da Agusta, domin sanyin hunturunsu ba na wasa ba ne. Cak-cak ɗinsu kuwa soyayyar fulawa ce cikin zuma; mai ciwon suga ya ɗanɗana kawai.