A ƘIRGA KAFIN A ƊINKE

Ya ku 'yan'uwa talakawan Gobir, da ku 'yan kasuwar Sabon Birni da Isa, ku karkaɗe kunnuwanku, yau maganar rai za mu yi.

A watan Satumba na 2025 aka yi wa wata baiwar Allah, uwar 'ya'ya biyar, aiki a asibitin mafitsara na Abubakar Imam da ke Kano. Aka ɗinke ta, aka sallame ta, ashe an bar almakashi a cikinta. Danginta sun ce wata huɗu tana fama da azaba, tana komawa asibiti ana ba ta maganin kashe ciwo. Sai a watan Janairu na 2026 aka ɗauki hoton cikin, aka ga ƙarfe, amma ina! Rai ya yi halinsa. Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano ta amsa cewa sakaci ne, ta dakatar da ma'aikata uku. Allah ya jiƙanta, amin.

To, jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wannan fa a tsakiyar birnin Kano ya faru, inda mai ciwo zai hau a-daidaita-sahu ya koma wa likita. Ina ga matar Gatawa da aka kai Sakkwato haihuwa aka yi mata aiki? Kowa ya san halin hanyoyinmu. A watan Disamba na 2021 'yan bindiga suka ƙone matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa. A 2024 kan hanyar dawowa daga Sakkwato aka kama Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, har ya rasu a hannunsu. Watau mu nan, kalmar "jeka ka dawo" kuɗin mota ce da sayar da akuya da sa rai a hannu. Saboda haka aikin da aka yi mana tilas ya yi kyau tun karon fari.

Za a ce mana ƙaddara ce. Mun yarda da ƙaddara, amma ba mu yarda a riƙa lulluɓe sakaci da ita ba. Ku 'yan kasuwa ku yi mana alƙalanci. Wane mai tireda ne ke kulle rumfa bai ƙirga cinikinsa ba? Wane mahauci ne ke tashi daga mahauta bai tattara wuƙaƙensa ba? Dillalin da aka ba buhu ashirin ya kawo kuɗin sha tara, za a ce masa ƙaddara ce? Haba!

Maganin wannan abu ba shi da tsada, ƙirga ce kurum. Ƙa'idar ɗakin tiyata ita ce mutum biyu su ƙirga almakasai da allurai da ƙyallayen tsane jini da babbar murya kafin a soma, su sāke ƙirgawa kafin a rufe ciki, su kuma ƙirga sa'ad da ake ɗinke fata, a rubuta. In lissafi bai cika ba, ba a ɗinkewa sai an nemo. In an rasa, a ɗauki hoto nan take, don ƙarfe ba ya ɓuya a hoto, ƙyallayen kirki kuwa ana saƙa su da wani zare na musamman don su ma su fito. Masu bincike a Amurka sun nuna a 2003 cewa ƙyallen ne aka fi mantawa, kuma an fi yin haka a aikin gaggawa, ko in aiki ya rikiɗe ba zato. Su wa ake kaiwa asibiti cikin gaggawa in ba mu ba, da muke isa bayan ciwo ya ci jiki?

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takarda guda mai tambayoyi 19 da ake karantawa a ɗakin tiyata, ƙirga kaya na ciki. An gwada ta a asibitoci takwas, har da na garin Ifakara a karkarar Tanzaniya, mace-mace suka ragu daga mutum 15 cikin 1,000 zuwa 8. Takarda ce da alƙalami, ba sai an ciwo bashin ƙasar waje ba.

Amma fa mantuwa ba ta kai ƙin saurare muni ba. Mantuwa ta minti ɗaya ce, ƙin saurare kuwa ya yi wata huɗu. Da matar wani babba ce ta ce cikinta na suka, shin da an kwana biyu ba a ɗauki hoto ba? Talaka in ya yi kuka sai a ce raki ne.

Ba mu ɗauki likitoci da malaman asibiti abokan gāba ba. Waɗanda suka zauna da mu cikin wannan tashin hankali sun cancanci godiya, kuma mutum ɗaya da ya kwana tsaye yana aikin mutum uku dole hannunsa ya yi kuskure. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Da gwamnati muke, wadda ranar zaɓe ta san a ƙirga ƙuri'a ɗaya ɗaya a gaban jama'a. Ga abin da muke nema daga Gwamnatin Sakkwato:

Na fari, a tilasta takardar ƙirga a kowane ɗakin tiyata, na gwamnati da na kuɗi, da sa hannun mutum biyu. Na biyu, a tabbatar da na'urar ɗaukar hoto mai aiki, da wuta, da mai sarrafa ta, a babban asibitin Sabon Birni da na Isa. Na uku, a ƙaro ma'aikata, a biya su, a tsare lafiyarsu. Na huɗu, in an yi ɓarna a faɗi gaskiya, a yi gyara kyauta, a biya diyya.

Mu ma da namu aikin. Wanda aka yi wa aiki, in ciwo ya ƙi raguwa, ko ciki ya kumbura, ko zazzaɓi da amai suka taso, ko ɗinki ya riƙa zubar da mugunya, kada a tsaya shan ƙwaya daga kanti. A koma, a ce a ɗauki hoto, kuma kada a bar mara lafiya ya je shi kaɗai. A adana kati da rasit da takardar sallama. Tun 2018 Gwamnatin Tarayya ta shelanta haƙƙoƙin mara lafiya, cikinsu har da a yi masa bayanin ciwonsa da harshen da yake ji, da ikon kai ƙara. Akwai kuma hukumar MDCN mai hukunta likitan da ya yi sakaci. Ƙungiyoyin kasuwa da rassan jam'iyya su tsaya wa duk wanda aka zalunta, su rubuta masa takarda, su raka shi, don tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Cikin talaka ba jakar ajiya ba ce. A ƙirga kafin a ɗinke, a saurare mu in mun koma. Allah ya kawo mana sawaba.