Ɗan Uwa A Fada Ba Ya Hana A Ƙona Rumfa

Yau ina so mu leƙa ƙasar Bama, wadda aka sauya wa suna zuwa Myanmar a 1989, don mu ga abin da ya sami Sinawan da suka yi kaka-gida a can.

A watan Maris na 1962 Janar Ne Win ya yi juyin mulki, ya kafa gwamnatin soja mai bin gurguzu. A majalisarsa akwai hafsoshi masu jinin Sinawa. Birgediya Aung Gyi shi ne na biyu a mulki. San Yu kuwa ya kai janar, har ya zama shugaban ƙasa daga 1981 zuwa 1988. Mai kallo daga nesa sai ya ce Sinawan Bama kakarsu ta yanke saƙa.

To amma me ya biyo baya? Aung Gyi, wanda bai goyi bayan matse 'yan kasuwa ba, ya bar gwamnati a 1963. Daga nan hukuma ta ƙwace bankuna da kantuna, a 1964 kuma ta soke takardun kuɗi na kyat 50 da 100. Ni ɗan ɗan kasuwa ne, na san nauyin a ce mutum ya wayi gari jarinsa ya zama takardar tsire. A Yunin 1967 rikici ya ɓarke a Rangun kan bajon Mao da ɗaliban Sinawa ke maƙalawa, aka kashe mutane, aka ƙona shaguna. Sannan a 1982, San Yu yana kan kujera, aka yi dokar da ta raba 'yan ƙasa aji uku, ta fifita ƙabilun da suka zauna kafin 1823.

A ganina dalilin a fili yake. Waɗannan hafsoshi soja ne ya ɗaga su, ba al'ummar Sinawa ba, don haka ga soja suka yi biyayya.

Mu ma da ake tambayarmu takardar asalin jiha a garin da aka yanke mana cibiya, mu daina sakankancewa don an ba namu muƙami. Kujera tana tafiya da mai ita. Mu yi rajistar zaɓe a inda muke, mu nemi haƙƙinmu a rubuce cikin doka, mu kuma riƙe maƙwabta da amana.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.