Ɗumame Ba Laifi Ba Ne, Amma A Yi Masa Sabuwar Miya

A ɗakin kallo na hostel, duk daren da ba jarabawa a gaba, musu ɗaya ne ba ya ƙarewa: fim na da ya fi, ko na yanzu? Masu son na da su ce tun da Rabilu Musa Ibro ya rasu a 2014 dariya ta ƙare a Kannywood. Masu son na yanzu su ce kewar yarinta ce kawai ke damun su. Da zarar an ji an sake yin wani tsohon fim kuwa, sai a haɗu a kan kalma ɗaya: ɗumame. Ni ra'ayina shi ne, ɗumame ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka ɗumama tuwon jiya, ka kawo shi gaya, sannan ka karɓi kuɗin sabon girki.

Mu fara da gida. Littafin Magana Jari Ce da muke tinƙaho da shi, Abubakar Imam ya ɗauko da yawa daga labaransa a Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa da na Indiya. Amma ya sa musu riga da hula, ya ba su sarki da waziri da fada, har yaro ya karanta ya rantse a garinsu aka yi. Ba wanda ya taɓa kiran Imam ɓarawo. Aro ya yi, ya biya da aikin kansa.

Indiyawan da muka koyi rawa da waƙa a wurinsu ma haka suke yi. Don na Amitabh Bachchan ya fito a 1978, Shah Rukh Khan ya sake yin sa a 2006. Darakta Farhan Akhtar bai tsaya ga sauya tufafi da motoci ba, ya juya ƙarshen labarin gaba ɗaya, ta yadda wanda ya haddace tsohon ma sai da ya riƙe baki. Hera Pheri na 2000, wanda har yau yake sa mu riƙe ciki, shi ma maimai ne na wani fim na harshen Malayalam da aka yi a 1989. Sai ka duba ɗaya gefen. Coolie No. 1 na Govinda ya fito a 1995, darakta David Dhawan ya sake yin sa a 2020 da ɗansa Varun. Labari ɗaya, an dawo da tsofaffin waƙoƙin, an zuba kuɗi, amma dariyar ta ƙi zuwa. Kama da wane ba ta wane. Abin da ya ba mutane dariya a 1995 ba ya dawowa don an sayi sabuwar kyamara.

To me ke sa barkwanci ya daɗe? Ni a ganina, gaskiyar da ke ƙarƙashinsa. Samanja na Usman Baba Pategi ba Hausar barikinsa kaɗai ke ba da dariya ba. Kowa ya san irin wannan sojan, mai tsawa a waje, mai laushi a gida. Ibro kuwa talaka ne da ya ƙi yarda an fi shi wayo, yau direba, gobe boka, jibi mawaƙi, kullum yana neman na tuwo ta hanyar da ba ta ɓullewa. Muna masa dariya ne don mun ga maƙwabcinmu a jikinsa, wani lokacin ma kanmu. Charlie Chaplin ya yi Modern Times a 1936, kusan ba magana a ciki, amma duk ɗalibin injiniya da ya yi SIWES a masana'anta zai gane mutumin nan da inji ya mayar da shi kamar kusa.

Yawancin barkwancin da ke yawo a wayoyinmu yanzu ba shi da wannan gindin. Ihu, zagi, faɗuwa ƙasa, kwaikwayon mai in'ina ko gurgu ko baƙauye, shi ke nan an gama. Ka yi dariya, ka wuce, bayan minti biyar ba ka tuna komai. Ba wai na ce duk na yanzu banza ba ne fa. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi ya tsaya da ƙafarsa, saboda rikicin tsoho mai dukiya da 'ya'ya masu jiran gado abu ne da kowace unguwa ta sani. Ashe matsalar ba ta zamani ba ce, ta rubutu ce.

Batun waƙa ma haka. Sangaya ya fito a 1999, kuma waƙarsa ce ta kai shi kowane lungu, domin ita ce ta faɗi abin da ɗan sarki da baiwa ba za su iya furtawa a gaban mutane ba. Waƙar tana yi wa labari aiki. Yau sau da yawa sai ka ga an tsayar da labari cak, an tafi wurin shaƙatawa an sauya kaya kala biyar, an dawo. Cire waƙar, ba abin da ya ragu. Lokacin da Ali Nuhu ya sake yin Mujadala a 2018, hoto ya yi kyau, sauti ya fita. Tambayar da ya kamata a yi wa duk irin wannan aiki ita ce: ban da kyan hoto, me aka ƙara mana?

Akwai abin da ya fi wannan musun muhimmanci. Tun daga Turmin Danya a 1990, finafinanmu a kaset da faifai aka fitar da su. Kaset yana cin tsatsa, faifai yana karcewa, shagunan haya sun rufe. Wanda aka loda a YouTube sau da yawa dishi-dishi ne, wani ma rabi. In muka yi sake, ƙannenmu maimai kawai za su sani, ba su da asalin da za su gwada shi da shi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, to ina maganin in zumar ta zube?

Nan ne namu ya shigo, 'yan uwana ɗalibai. Muna da sashen koyon aikin jarida, da na kwamfuta, da na ilimin laburare. Maimakon projet ɗin da za a kwafo a ajiye ya sha ƙura, me zai hana wasu su nemi izinin masu finafinan nan, su mayar da su na'ura, su rubuta shekara da sunayen waɗanda suka yi aikin? Ƙungiyar ɗalibai kuma ta ware dare ɗaya a wata, a haska tsoho da sabo a jere, a yi musu da hujja. Wanda zai yi fim a cikinmu gobe, ya ari duk abin da yake so. Sharaɗi ɗaya ne: ya zo da miyarsa.